Bayan An Cire Wa Safara'u Roba

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar, asibiti a Katsina

Yau aka cire wa Safara'u robar fitsari. Ba ta yi kuka ba. Wannan nake so in fara rubutawa kafin komai. Ɗiyata, 'yar shekara biyar, ta kama babban yatsana ta matse, ta ɗaga ido sama, nas ta zare roba, ko uhum ba ta ce ba. Yaron da ke gadon kusa da mu ya girme ta, amma da aka zo kansa sai da aka rirriƙe shi. Ba dariya nake masa ba. Abin da na gani kawai nake faɗa.

Daga nan sai jira. Likita ya ce ba sallama sai ta yi fitsari da kanta. Ni direban babbar mota ne, na saba zaman jiran kwastan a Magama, bakin iyakar Nijar, tun hantsi har rana ta faɗi, amma ban taɓa jin jira mai tsawo irin na yau ba. Can sai ta ja mini riga ta ce, "Baba, ina ji." Na kai ta. Ta yi. Ta ɓata fuska ta ce akwai zafi kaɗan, amma ta yi. Na fito ina gaya wa mutanen da ban ma san su ba.

Likita ya zaunar da ni ya sake yi mini bayani. Ciwonta shi ne fitsari yana komawa sama zuwa ƙoda maimakon ya fita duka, shi ya sa take ta zazzaɓi tun tana ƙarama, har ƙodar hagu ta yi tabo. Aikin da suka yi ya gyara hanyar. To amma wurin aikin bai gama warkewa ba, roba kuma ta kwana a jikinta, ƙwayar cuta tana iya samun hanyar shiga. Ya ba ni kwalbar magani na ruwa da sirinji marar allura. Kaɗan za ta riƙa sha, sau ɗaya, kullum kafin barci, har mu dawo a ɗauki hoton cikinta.

Na ce, "Likita, ai ta warke."

Ya ce, "Malam Ɗantala, wannan ba na warkarwa ba ne, na tsaro ne. Kuma ba kowane yaro muke ba ba. Da yawa ana cire musu roba su tafi gida hakanan. Ita saboda ƙodar nan ne. Kada ka tsallake, kada ka ƙara. In ka ga zazzaɓi, ko amai, ko tana kukan zafin fitsari, ko ya canza wari, kada a ba ta komai sai an gwada."

Nas ta tambaya ina uwarta, za ta nuna mata yadda ake aunawa. Na ce ni za a nuna wa.

Talata, 6 ga Mayu, bayan magariba, gida

Mun iso Jibiya. Na tarar Yaya Hasiya ta zo daga Riko da ƙullin kayanta, ta share gida, ta dama fura. Allah ya saka mata. Amma ko zama ban gama yi ba ta ga kwalba.

"Wanga kuma na mene ne? Ba an ce ta warke ba?"

Na yi mata bayani kamar yadda likita ya yi mini. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an ba mai lafiya magani ba. Ta ce kuma wannan ba aikin namiji ba ne, in ba ta kwalbar. Na ce, "Yaya, girki naki, wanka naki, magani nawa." Ta yi tsaki ta shiga ɗaki.

Na auna daidai kan layin da nas ta nuna. Ta sha.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan isha'i

Ta sha. Jiki da sanyi.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

Zafin bana ba wasa. Likita ya ce ruwa, ruwa, ruwa, kuma kada ta riƙe fitsari. Na saya mata ƙaramar gora mai murfi ja, ta ce tata ce, kada kowa ya taɓa. Na koya mata tsarki daga gaba zuwa baya, kamar yadda nas ta ce. Yaya ta tsaya bakin ƙofa tana kallona kamar na zo da sabon addini. Sau ɗaya na nuna da buta, yarinyar ta ɗauke. Kanta yana ja. Tun tana rarrafe na sani.

Ta tambaye ni yaushe Umma za ta dawo daga Maraɗi. Na ce ta ƙara ruwa.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan masallaci

Na biya ta tasha. Badamasi, abokin tuƙina, ya hango ni ya ɗaga murya, "Ga nas ɗin Jibiya nan ya iso!" Aka yi ta dariya. Na ce su yi, ba laifi. Na ce akwai wanda a cikinsu ya san inda ƙodarsa take? Kowa ya dafa wuri dabam, wani ma ƙirji ya dafa. Sai dariyar ta koma kansu.

Motata tana nan inda na ajiye ta, an lulluɓe bodin da tamfol. Alhaji mai motar ya aiko Badamasi ya tambaye ni yaushe zan ɗauki lodin masara. Na ce sai an ɗauki hoto. Badamasi ya ce ai ga Yaya Hasiya a gida, cokali guda na magani ne fa. Na ce ba cokali ba ne, sirinji ne.

Ta sha.

Asabar, 10 ga Mayu, da yamma

Na kira Maraɗi. Inna ce ta ɗauka, surukata. Mun gaisa, ta tambayi jikin yarinya, na ce alhamdu lillahi, an cire roba, tana gudu a tsakar gida. Ta yi ta godiya ga Allah. Na ce ko matata Salmatu tana kusa. Ta ce ta ɗan kwanta. Ina jin motsin mutum kusa da wayar.

Ba komai. Na faɗi abin da na kira in faɗa, na kuma san an ji.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ranar kasuwa, gari ya cika da babura. Ban fita ba. Ta sha.

Talata, 13 ga Mayu, bayan isha'i

Yau aka yi daru. Safara'u ta rufe baki da hannu biyu ta ce ta gaji da shi, yana da ɗaci a ƙarshe. Na lallaɓa, ta ƙi. Na ɗaure fuska, ta ɗaure tata, kuma tata ta fi tawa. Yaya tana gefe tana cewa, "Ka gani ko? Jikinta ne ke gaya maka ba ya so. A bar ta yau mana, dare ɗaya me zai yi?"

Na zauna a tabarma na ce, "Safara'u, kin san shingen da ke Magama, inda ake tsayar da motoci?" Ta ce ta sani. Na ce to maganin nan shi ne mai tsaron shingen cikinki. In bai zo aiki ba yau, kowa sai ya wuce. Ta ce, "To ni zan tura da kaina." Na auna, na miƙa mata, ta sa a baki ta danna da babban yatsa, ta haɗiye, ta kora da ruwan gorarta, ta miƙo mini sirinji kamar wata ma'aikaciya ta gama aiki.

Shekara biyar. Ina so a san shekararta biyar.

Laraba, 14 ga Mayu, da azahar

Yaya tana tankaɗe sai ta fara, "Ni dai tun na yaron nan nake cewa magungunan nan..." Na tashi na fita. Na zauna gindin dalbejiya har aka kira sallah.

Ba ta ƙara ba da na dawo.

Juma'a, 16 ga Mayu, da yamma

Alhaji ya ba wani motata. Badamasi ne ya zo har gida ya gaya mini, yana ta sunkuyar da kai kamar shi ya yi. Ban ga laifin Alhaji ba, masara ba ta jira. Ina tsaye bakin titi na ga ta wuce ta nufi Magama, sabon direban yana sa giya kamar yana faɗa da ita. Shekaru ina lallaɓa motar nan.

Na dawo gida na tarar Safara'u ta tara yaran maƙwabta tana ba su ruwa da murfin kwalba, wai kowa ya buɗe baki. Na tsaya ina kallo har na manta abin da ya fitar da ni.

Ta sha, da kanta.

Asabar, 17 ga Mayu

Ta sha.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ta sha. Ba ta ci tuwo sosai ba.

Litinin, 19 ga Mayu, da safe

Zazzaɓi.

Litinin, bayan la'asar, asibiti a Katsina

Da asuba na taɓa goshinta na ji kamar bonet ɗin mota. Ban san lokacin da Yaya ta fita ba, sai ga ta da kapso ja da baƙi a leda, wai mai kemis ya ce wannan ya fi na kwalba ƙarfi, a buɗe a zuba a koko. Na san ba mugunta ba ce, tsoro ne, irin wanda ni ma nake ji.

Na ce, "Yaya, ba za ta sha ba sai an gwada."

Ta ce, "Ka tsaya gwaji yarinya tana ƙonewa?"

Na ce, "An ce in aka ba ta wani magani kafin gwaji, ba za a gane abin da ke jikinta ba. Ba za a sake yi mana lalube ba a gidan nan."

Ta dube ni, na dube ta. Ta ajiye ledar a kan taga, ta ɗauko zane ta goya Safara'u da kanta.

Muka fara zuwa wurin Sista Dabora, nas ɗin da ke layinmu, tun kafin ta fita aiki. Ta auna zafin, ta danna bayan yarinyar ta tambaye ta ko da ciwo, ta ce babu. Ta ba ta na sauke zazzaɓi kawai, ta ba ni 'yar kwalba mai murfi ta ce a wanke ta tukuna, a bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya. Ta ce mu wuce Katsina wurin waɗanda suka yi aikin, kada mu tsaya. Na tara kamar yadda ta ce. Ko ɗigo bai taɓa bakin kwalbar ta waje ba.

Hanyar Katsina. Na bi ta da mota ba adadi, na san kowane rami. Ita muka bi da ɗanmu Mudathir shekara biyu da suka wuce, ni da Salmatu da shi. Mu biyu muka dawo. Shi ma da zazzaɓi ya fara, shi ma ƙoda aka ce, amma a makare.

Na rubuta sunansa. Ban yi niyya ba.

An ɗebi jini, an karɓi fitsari. Muna zaune.

Litinin, bayan magariba

Zazzaɓin sauro ne. Jini ya nuna. Gwajin farko na fitsari bai nuna komai ba, amma likita ya ce akwai na biyu da ake ajiyewa a ga ko wani abu zai tsiro, sai jibi. An fara mata maganin maleriya. Ya tambaya ko an ba ta wani abu a gida. Na ce babu. Ya ce, "Madalla." Yaya tana zaune ta ji da kunnenta. Ban dube ta ba, don kada ta ce na dube ta.

Na tambaya na kwalba fa, yau ma? Ya ce yau ma. Na fito da shi daga aljihu, dama na taho da shi. Ta sha, idonta a rufe, amma ita ta danna.

Laraba, 21 ga Mayu, da azahar

Babu abin da ya tsiro. Fitsarinta tas. Zazzaɓi ya sauka tun jiya, yau har ta nemi awara.

A mota Yaya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ka iya riƙon yarinya." Iyakar abin da ta ce ke nan daga Katsina har Jibiya. Ya ishe ni.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan isha'i

Waya ta yi ƙara, lambar Nijar. Na ɗauka ina cewa Inna ina wuni, sai na ji ba Inna ba ce.

Ta ce, "Baban..." sai ta tsaya. Sunan da ta saba kirana da shi ba ya faɗuwa yanzu. Na ce, "Ina jin ki, Salmatu."

Ashe direbobi sun kai labari Maraɗi cewa an ga mun nufi Katsina da yarinya a goye. Ta ce, "Tana fitsari?" Na ce tana yi. "Ba jini?" Babu. "Ƙafafunta ba su kumbura ba?" Na ce ko kaɗan, sauro ne kawai, an gwada komai. Na gaya mata na kwalba, da sirinji, da yadda take dannawa da kanta. Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu.

Ta ce, "Ranar da aka ce za a yi mata aiki, na ji warin asibitin nan a hancina tun daga gida. Na kasa. Na ga kamar in na shiga da ita ba zan fito da ita ba."

Na ce na sani. Ban taɓa tambayarta ba, kuma duk wanda ya tambaye ni cewa nake ta je ganin Inna. Na ce yarinya ta yi barci, amma gobe da safe ta kira.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ta kira. Sun daɗe. An kore ni daga ɗakin, wai maganar mata ce.

Lahadi, 25 ga Mayu, da yamma

An yi ruwan farko jiya, ƙasa ta yi ƙamshi. Yaya ta ɗaure kayanta za ta koma Riko saboda shuka. Kafin ta fita ta ɗauki ledar kapson nan daga kan taga ta jefa a masai. Na yi kamar ina gyaran takalmi.

Na sa gidan sauro sabo. Ta sha.

Laraba, 28 ga Mayu

Ta sha. Na dafa shinkafa ta caɓe, ta ce ta Yaya ta fi. Gaskiyarta.

Litinin, 2 ga Yuni, bayan la'asar

An ɗauki hoto. Likita ya juyo mini da allon ya nuna mini, ban gane komai ba sai baƙi da fari, amma na gane fuskarsa. Ƙodar ba ta kumbura ba, wurin aiki ya zauna. Ya ce daga yau a daina magani.

Na ce ko za a ƙara mana kwalba guda, don a tabbata.

Ya ce a'a. Ya ce in aka daɗe ana ba ta ba da dalili ba, ƙwayoyin cutar jikinta za su saba da shi, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Ya ce abin da ya rage yanzu ruwa ne, da tsarki, da kada ta riƙe fitsari, da gwaji duk ranar da zazzaɓi ya zo. Za mu riƙa dawowa ana duba ta.

Na ce, "Likita, da na ƙi a fara, yanzu kuma na ƙi a daina." Ya yi dariya ya ce iyaye da yawa haka suke.

Litinin, bayan isha'i

Lokacin ya yi, hannuna ya tafi wurin kwalba da kansa. Safara'u ta ce, "Baba, likita ya ce an gama." Na ce haka ne. Ta kwanta. Na taɓa goshinta fiye da yadda ya kamata.

Talata, 3 ga Yuni

Ba ta sha ba. Jiki da sanyi.

Laraba, 4 ga Yuni, da safe

Lafiya lau. Badamasi ya ce akwai wani mai motar gero da ke neman direba bayan sallah. Na ce a gaya masa ina nan.

Salmatu ta ce gobe.

Alhamis, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Tun safe Safara'u ta ce ba za ta je tarar Umma da kai a tsefe ba. Maƙwabciyarmu mai kitso ta tafi ƙauye sallah. Na dubi kan, na dubi hannuna. Na ce wanda ya ɗaure lodin masara da igiya ya kai Maraɗi ko buhu bai zame ba, gashi ba zai gagare shi ba. Na zaunar da ita tsakanin gwiwoyina. Ta yi ta cewa ina ja, na yi ta cewa ta tsaya. Abin da ya fito guda huɗu ne, ɗaya ya kalli gabas, sauran kowa da inda ya nufa. Ta duba madubi ta ce ya yi.

Muka hau babur zuwa Magama. Ana ta tsallako da raguna, ga motoci sun yi layi, ga masu canji suna kira. Na hango Salmatu ta sauko daga motar garin Ɗan Isa da jaka guda. Ta rame. Ban ce wa yarinyar komai ba, ita ta gani da kanta, ta zame daga hannuna ta ruga, tana ratsa raguna, ɗankwalinta ya faɗi a hanya. Wani jami'i ya ɗaga hannu zai tsayar da ita, ya fasa.

Salmatu ta durƙusa a ƙasa ta rungume ta. Ta daɗe. Sannan ta ɗaga mata riga ta dubi tabon aikin, ta shafa shi da yatsa, ta taɓa goshi, ta taɓa ƙafafu. Ni ina tsaye da ɗankwali a hannu. Da ta gama sai idonta ya kai kan yarinyar. Ta juya shi hagu, ta juya shi dama.

Ta ce, "Wa ya yi mata wannan?"

Safara'u ta ce, "Baba."

Salmatu ta ɗago ta dube ni, karo na farko. Idonta jawur. Ta ce, "Bai yi kyau ba."

Na ce, "Na sani."

Na miƙa mata ɗankwalin don ta rufe. Ta karɓa, ta ninke, ta sa a jaka. Haka muka ratsa Jibiya mu uku a kan babur, kan ɗiyata a buɗe, kowa yana gani.